Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Mabiya Mormon da Masu Sukarsu

Babu addinin da ba shi da masu suka, kuma babu mai imanin da suka ba ta yi wa zafi. Abin da ake gwada mutum da shi shi ne abin da ya aikata bayan zafin ya shige shi. Shin wanda ya taɓa abin da nake girmamawa yana da wani haƙƙi a kaina? In yana da shi, mene ne, kuma ina iyakarsa? Mu da muke aikin rediyo muna cin karo da wannan tambaya duk ranar da aka buɗe layin waya a shirin da ya shafi aƙida, domin kafin minti biyar sai ka ji muhawara ta rikiɗe ta koma gori. Na zaɓi in duba ta ta hanyar wasu mutane da ke nesa da mu, wato mabiya Mormon na Amurka, saboda nisan zai ba mu damar yin hukunci da sanyin zuciya, kuma tarihinsu gajere ne, a rubuce yake, an ga inda suka yi daidai da inda suka kauce.

Wani matashi mai suna Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York ranar 6 ga Afrilu, 1830, ƴan kwanaki bayan ya buga Littafin Mormon, wanda ya ce ya fassaro shi daga wasu alluna na zinariya da mala'ika ya nuna masa. Daga sunan littafin ne laƙabin ya samo asali, ko da yake a 2018 shugabansu na lokacin Russell Nelson ya roƙi a daina kiran su da shi, a riƙa amfani da cikakken sunan cocin, wanda ke ɗauke da sunan Yesu Almasihu. Yau mabiyansu sun kai kimanin miliyan 17 a duniya, hedikwatarsu tana Salt Lake City a jihar Utah. Su suna ɗaukar kansu Kiristoci, amma manyan ɗariƙun Kirista da yawa ba su yarda da hakan ba. Ke nan tun daga ranar farko a cikin jayayya suka buɗe ido.

Adalci ne a fara da zaluncin da aka yi masu. A watan Oktoba na 1838 gwamnan jihar Missouri, Lilburn Boggs, ya sa hannu a kan umarnin da ya ce a kore su daga jihar ko a hallaka su. Kwana uku bayan haka wasu ƴan bindiga suka kashe mutum 17 daga cikinsu a wani ƙauye da ake kira Haun's Mill. Ba a soke wannan umarni a hukumance ba sai a 1976. Al'ummar da ta ɗanɗana irin wannan takan fito da tabo guda: duk wanda ya ɗaga murya a kanta sai ta ji kamar sawun maharan nan ne ya dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron yana da dalili, amma shi ne ke rufe ido har a kasa bambanta masu suka iri uku: mai son ya cutar da kai, mai yi maka ba'a, da mai riƙe da wata hujja da ba ka son ji.

Abin da ya faru a garin Nauvoo na jihar Illinois ya nuna tsadar wannan ruɗani. A 1841 majalisar garin, wadda mabiya Mormon ke jagoranta, ta kafa dokar da ta ba kowane addini ƴancin ibada, har ta ambaci Musulmi a cikin jerin waɗanda dokar ta kare. Bayan shekara uku kacal, wasu da suka ɓalle daga cocin, cikinsu har da William Law wanda a da mataimakin Smith ne na kusa, suka buga jarida mai suna Nauvoo Expositor ranar 7 ga Yuni, 1844. Sun zargi Smith da auren mata da yawa a ɓoye, da haɗa ikon addini da na siyasa a hannunsa. Smith shi ne magajin garin a lokacin. Ranar 10 ga wata majalisar ta yanke cewa jaridar fitina ce, aka je aka farfasa injin buga ta. Fitowa ɗaya ta yi a duniya. Wannan mataki ya harzuƙa maƙwabta, aka tsare Smith a kurkukun Carthage, kuma ranar 27 ga Yuni wasu gungun mutane suka kutsa suka harbe shi tare da yayansa Hyrum.

Kisan nan ta'asa ce da babu abin da zai wanke ta. Amma a lura da wani abu: zargin auren ɓoye gaskiya ne. A 2014, bayan shekara 170, cocin da kansa ya wallafa bayanin da ya amsa cewa Smith ya auri mata tsakanin 30 zuwa 40, har da yarinya ƴar shekara 14. Fasa injin bai goge ko harafi ɗaya daga gaskiyar ba, sai ma ya ƙara mata kaifi. Darasi na farko ke nan: haƙurin zama da baƙon addini ya fi sauƙi a kan haƙurin sauraron ɗan gida da ya juya baya. Mutanen da suka ba Musulmin da ba su taɓa gani ba ƴanci a takarda, sun kasa jure wa maƙwabcinsu na jiya, domin shi ya san inda ɗakin ke yoyo.

Labarin Juanita Brooks ya nuna wata hanya. A watan Satumba na 1857, a wani fili da ake kira Mountain Meadows a kudancin Utah, wasu mayaƙan sa-kai na Mormon suka yaudari ayarin matafiya daga jihar Arkansas suka kashe kimanin mutum 120, ba su bar kowa ba sai ƙananan yara 17. Shekaru da yawa ana ɗora laifin a kan ƴan ƙabilar Paiute, kuma mutum ɗaya tak, John D. Lee, aka zartar wa hukuncin kisa a 1877. Brooks malamar makaranta ce, mai riƙo da addininta, ƴar wannan yanki. A 1950 ta fitar da littafin da ya tabbatar da hannun mutanenta a kisan, ya kuma nuna cewa Lee shi kaɗai aka bari da ɗaukar nauyin laifin jama'a. Ta sha ƙyama daga wasu ƴan'uwanta, amma ba ta bar cocin ba, kuma ba ta janye maganarta ba. A 2007, ranar cika shekara 150 da kisan, ɗaya daga cikin manyan shugabannin cocin, Henry Eyring, ya tsaya a wurin ya bayyana nadama mai zurfi, ya kuma amsa cewa an daɗe ana jibga wa Paiute laifin da ya fi nasu. Matar da aka yi wa kallon mai tonon asiri ita ce ta share wa cocin hanyar faɗin gaskiya.

Sai dai ba kowa ya samu irin wannan ƙarshe ba. An kori Fawn Brodie daga cocin a 1946 saboda tarihin Smith da ta rubuta, kuma a Satumban 1993 an ladabtar da wasu marubuta da masana shida, aka kori mafi yawansu. A nan wani zai ce, ai kowace ƙungiya tana da ikon shata iyakarta, wanda ya daina yarda da tushen aƙida ba zai tilasta a ci gaba da kiran sa ɗan gida ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Al'umma tana da ikon cewa wane ba ya magana da yawunmu. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta mai da korar mutum ta zama amsar hujjarsa. In masanin tarihi ya ce ga takarda, korarsa ba ta sauya abin da ke cikin takardar. Matasan da aka ɓoye wa labarin za su same shi a intanet cikin dare ɗaya, kuma abin da zai fi yi masu ciwo shi ne ɓoyewar. Da alama cocin ya gane haka, domin daga 2013 ya fara wallafa bayanai a kan batutuwa masu nauyi, har da hana baƙar fata muƙamin limanci, dokar da ta daɗe tana aiki har zuwa Yunin 1978. A bayanin ya nesanta kansa daga dalilan wariyar launin fata da wasu shugabanninsa na baya suka riƙa kafawa.

Mai ba'a kuma fa? A 2011 aka fara wani wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe a New York mai ɗauke da sunan littafinsu mai tsarki, wanda ya yi wa aƙidarsu shaƙiyanci son rai, ta bakin wasu matasa biyu ƴan mishan da aka tura Yuganda. Wasan ya samu karɓuwa ƙwarai. Cocin bai kira zanga-zanga ba, bai kai ƙara kotu ba. Ya fitar da gajeriyar sanarwa, daga baya ya sayi filin talla a cikin ɗan littafin da ake raba wa ƴan kallo, yana gayyatar su su karanta littafin na asali. Ana iya cewa wannan dabarar kasuwa ce, kuma mai kuɗi da tsaro ne ke iya murmushi a gaban ba'a. Haka ne. Amma ko da dabara ce, ta ginu a kan fahimta mai kyau: ba'a da fushi take ƙiba. Wanda ya yi maka dariya ba hujja ya kawo ba, don haka babu abin rushewa. Abin da ƴan kallo ke jira su gani shi ne halinka.

Akwai misali kusa da gida. A watan Yunin 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin a Ghana, tare da na Shaidun Jehobah, ta kori ƴan mishan na waje, aka rufe wuraren ibada. Mabiyan sun koma yin ibada a cikin gidajensu, suna bin hukuma da bayani, har aka ɗage takunkumin a ƙarshen 1990. A 2004 suka buɗe babban haikali a Accra. Mai iko ya matsa masu, suka nemi haƙƙinsu ba tare da jifa ko ƙone-ƙone ba, kuma ba su bar abin da suka yi imani da shi ba.

To, shi mai suka, babu abin da ake bin sa? Akwai, kuma Jerald Tanner ya nuna shi. Shi da matarsa Sandra sun bar cocin, suka shafe rayuwarsu suna wallafa takardun da ke ƙaryata shi. A 1984 wata wasiƙa ta ɓulla, wai ta zamanin Smith, tana cewa wata halitta mai kama da ƙadangare ce ta bayyana gare shi a wurin allunan, saɓanin labarin mala'ika da cocin ke koyarwa. Wannan makami ne da ya faɗo wa Tanner daga sama. Amma da ya nazarci kalmomin wasiƙar sai ya fito fili ya ce yana shakkar sahihancinta, a lokacin da masana da dama suka karɓe ta. Daga baya ta tabbata cewa wani dillalin tsofaffin takardu, Mark Hofmann, shi ya ƙirƙire ta, kuma a Oktoban 1985 ya kashe mutum biyu da bam don rufe asirinsa. Tanner ya ƙi ƙaryar da za ta taimaki ɓangarensa, kuma wannan ne ya sa sauran maganganunsa suka yi nauyi.

A shekarar 1985 ɗin nan, lokacin da ake adawa da gina haikalin Mormon kusa da birnin Stockholm na Suwidin, bishop ɗin ɗarikar Lutheran na birnin, Krister Stendahl, ya ba da ƙa'idoji uku na fahimtar addinin wani. Ka tambayi mabiyansa, kada ka tambayi maƙiyansa. Kada ka gwada mafi kyawun naka da mafi munin nasu. Sannan ka bar wuri a zuciyarka don sha'awar wani abin kirki da ka gani a wurinsu. Ta biyun ce muka fi karyawa. Mukan auna kanmu da koyarwarmu, mu auna wasu da aikin ɓata-garinsu. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe.

Kada a ɗauka ladabi zai kawar da saɓani. A 2004 Richard Mouw, wani babban malamin tauhidin Kirista, ya tsaya a babban zauren taron Mormon a Salt Lake City ya nemi afuwa saboda yadda mutanensa suka daɗe suna jingina masu abin da ba su faɗa ba. Bai karɓi aƙidarsu ba, su ma ba su karɓi tasa ba. Abin da ya sauya shi ne kowa ya fara jayayya da ainihin abin da ɗayan ya yi imani da shi. Ko Smith annabi ne ko ba annabi ba ne, tebur ba zai raba wannan gardama ba, kuma mai imani ba ya bukatar ya sassauta aƙidarsa kafin ya yi adalci.

Abin da mai suka yake bin ka, mai karatu, bai wuce abu uku ba. Ka faɗi maganarsa yadda shi kansa zai ji ya ce haka nake nufi. Ka amsa abin da ya faɗa na gaskiya ko da ya fito daga bakin da ba ka so. Ka tsare jininsa da mutuncinsa ko da ka ƙi ra'ayinsa gaba ɗaya. Bai bi ka yarda ba, bai bi ka shiru ba. Kafin ka mayar da martani a gaba, a zaure ne ko a Facebook, ka tsaya ka tantance wanda ke gabanka. In mai cutarwa ne, akwai hukuma da shari'a. In mai ba'a ne, halinka ya ishe shi amsa. In kuwa mai hujja ne, to ka zauna ka saurara, domin mai yiwuwa kayanka ne suka karkace, shi kuma ya riga ka gani.