Ku Fito Daga Bayan Taga

Manyan ɗakin magani, ku ne ke karɓar yaran da suka gama karatun harhaɗa magunguna, su yi shekara guda a hannunku kafin hukuma ta ba su cikakken lasisi. Ko a asibitin Shika ne, ko asibitin Malam Aminu Kano, ko na Ɗanfodiyo a Sakkwato, labarin ɗaya ne: layi tun da sassafe, kati kan kati, ga rubutun likita sai an yi da gaske kafin a karanta. Duk da haka kuna koyarwa. Allah ya saka.

Sai dai akwai darasin da ba ya koyuwa ta taga.

Ga mai tarin fuka an ɗora shi kan rifampicin, alhali yana shan dolutegravir. Yaronku ya san rifampicin na sa hanta ta gaggauta cinye wancan maganin, sai an mayar da shi miligiram 50 sau biyu a rana. Da wannan ya ci jarrabawa. Abin da ba a taɓa nuna masa ba shi ne yadda zai faɗa wa babban likita, a gaban tawagarsa, ba tare da bakinsa ya mutu ko ya ci fuskar mutum ba. To ku ja shi zuwa zagayen marasa lafiya, ya ji da kunnensa kuna cewa, "Ranka ya daɗe, na ga an fara masa maganin tibi, ko za mu ƙara masa dolutegravir na yamma?" Gobe da muryarku zai yi magana.

Ku kai shi wajen nas ya gaishe ta da girmamawa. Ita ta san tsohon da ke azumi a ɓoye yana haɗiyar maganin suga, ita kuma za a tuna wa kada ceftriaxone ya haɗu da ruwan Ringer. Ku aike shi ɗakin gwaji ya karɓo sakamakon ƙoda kafin a ci gaba da gentamicin.

Tsamin da ke tsakanin ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU da ƙungiyar likitoci ba ɓoyayye ba ne, yajin aikin 2018 bai bar zukata ba. Ku nemi haƙƙinku a teburin sulhu, hakan daidai ne. Amma kada ku gadar wa ɗan shekara ashirin da biyar gabar da bai san mafarinta ba.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin koyar da ma'aikatan lafiya tare. Idan an kira horon masu horarwa, ku je, furfura ba ta hana zama a benci. Ku nemi a zaunar da ku teburi ɗaya da likitoci da nas-nas. In ba a kira ba, ku rubuta wa shugaban sashe ku nemi gurbi a zagayen ranar Litinin, ku da yaranku.