Ɗa Tafinta Tsakanin Uba da Malami

A Faransa, yaro na kai kimanin shekara 15 ake zaɓa masa hanya: ko makarantar da ke kaiwa jami'a, ko ta koyon sana'a. Sai an ji ta bakin iyaye. To, uban da ya zo daga Mali ko Nijar bai iya Faransanci ba, wa ke masa tafinta gaban malami? Sau da yawa ɗan ne. Ashe mun mai da mai shari'a shaidar kansa ke nan. In ya faɗi gaskiya ya tona asirinsa, in ya sassauta ya yaudari mahaifinsa. Kada mu ga laifin yaron. Makarantar da ke neman sa hannun uba, ita ce da alhakin nemo babba ya fassara masa, domin amincewar wanda bai fahimta ba, ba amincewa ba ce.