ZA KA YI BIKI A GIDA? ƘIRGA HAƘƘOƘI KAFIN KA ƘIRGA KUJERU



Shekaranjiya bayan karatun la'asar wani bawan Allah ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. 'Yarsa ta fari zai aurar a watan Sha'aban. Ya je ya tambayi kuɗin ɗakin taro, aka yanka masa abin da ya fi ƙarfin aljihunsa, ya dawo jiki a sanyaye. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai na yanke shawara a gida zan yi komai, tsakar gida da ƙofar gida. Mutane ba za su ce na yi rowa ba?"

Na ce masa, Alhaji, su faɗa mana. Ai gida shi ne asali. Manzon Allah (S.A.W) ya yi walimar Nana Zainab bint Jahsh a ɗakinsa, da gurasa da naman akuya guda, kuma Anas (R.A) ya ce bai ga ya yi wa wata daga cikin matansa walima kamar tata ba. Walimar Nana Safiyya kuwa a kan hanya aka yi ta, ana dawowa daga Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira: aka shimfiɗa buzaye, aka zuba dabino da cuku da man shanu, ba nama ba gurasa. Akwai ma wadda aka yi da mudu biyu na sha'ir, kuma mudun Annabi cikin tafin hannu biyu ne, ba irin mudunmu na kasuwar Dawanau ba. To wa zai ce maka ka gaza don ka kafa rumfa a gidanka?

Sai dai na ce masa ya zauna, akwai magana. Wanda ya kama ɗakin taro ya sayi wahala da kuɗi: akwai mai gadi, akwai mai shara, akwai banɗaki, akwai wanda zai kashe fitila ya ce lokaci ya yi. A gida duk waɗannan kai ne. Kuma kowanne daga cikinsu haƙƙin wani ne rataye a wuyanka, wanda za a tambaye ka a kansa. Ni ban koyi wannan a littafi ba, a jikina na koya.

Shekarun baya na aurar da 'yar yayana da ta tashi a hannuna. Lungunmu ƙarami ne, mota ɗaya ke wucewa. Ranar Asabar da sassafe yaran da muka yi hayar kanofi a wurinsu suka zo suka kafa guda biyu a tsakiyar layi, suka jera kujerun roba, samarin gida suka gitta benci ta nan suka gitta ta can. Na fito na gani, na ce madalla, wuri ya yi kyau. Wallahi ko kaɗan ban kawo komai a raina ba.

Bayan azahar, ana tsakiyar cin abinci, naƙuda ta kama matar maƙwabcina na gida na uku. Mijin ya kira Adaidaita Sahu, mai Adaidaita ya zo bakin layi ya tarar da benci da babura a jere, ya tsaya. Haka aka fito da baiwar Allah nan, mata biyu na riƙe da ita, ta ratsa tsakanin kujerun baƙina da ƙafa har bakin titi, maza na kawar da kai. Allah Ya sauke ta lafiya, alhamdu lillah. Washegari na je barka, mijin ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya kawo ruwa. Da zan tashi ya rako ni zaure, ya ce a hankali, "Malam, ai a bakinka muka ji hadisin haƙƙin hanya." Ban sami abin cewa ba. Har yau idan na zo wannan babin a karatu sai na ji muryarsa.

Hadisin nan sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Annabi (S.A.W) ya hana sahabbai zama a kan hanya, da suka ce ba su da wani wurin zama sai ya shardanta musu su ba hanya haƙƙinta, kuma cikin abin da ya lissafa akwai kame cuta daga masu wucewa. Zaman hira kenan fa. Ina ga wanda ya toshe layi gaba ɗaya tun daga hantsi har isha?

Don haka abin da na fara gaya wa Alhajin shi ne: kafin ka kira mai kanofi, fita ka auna layinku da ƙafarka. Idan rumfa ba za ta bar wurin da mota ɗaya za ta wuce ba, kada ta fita waje. A rage ta, ko a roƙi filin makarantar Islamiyya, ko kangon wani maƙwabci da izininsa. A sa samari biyu masu hankali waɗanda ba su da wani aiki ranar sai nuna wa baƙi inda za su ajiye mota da babur, can bakin titi, nesa da ƙofofin mutane. Sannan sati guda kafin biki ka bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya da ƙafarka, har da mai unguwa. Kati ba ya wadatarwa. Ka tambaya: akwai mara lafiya? Akwai mai tsohon ciki? Akwai wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan? Akwai yaro mai jarrabawa? Amsar da za ka samu ita za ta gaya maka inda rumfa za ta tsaya da inda lasifika za ta fuskanta, in ma akwai buƙatarta. Da na yi wannan tambayar guda ɗaya, da baiwar Allah nan ba ta ratsa taron maza tana naƙuda ba.

Sai maganar yawan mutane, kuma a nan ne akasarin bikin gida ke lalacewa. Tsakar gidan da zai ɗauki mata 60 a zaune, sai a tura katin gayyata a kowane zauren WhatsApp, uwar amarya ta gayyaci nata, gwaggo ta gayyaci nata, ƙawayen amarya su zo da ƙawayen ƙawayensu. Kafin la'asar ba wurin sa ƙafa, tsofaffi na tsaye, yara na kuka, wayoyi da takalma na ɓata. Ku sani malamanmu na Malikiyya sun yi maganar nan tun tuni. A Mukhtasar na Shehu Khalil, cikin abubuwan da ke sauke wa mutum wajibcin amsa gayyatar walima an ambaci yawan cunkoso, tare da samuwar munkari a wurin. Wato idan ka cika gidanka fiye da kima, kai da kanka ka ba wanda ka gayyata uzurin ƙin zuwa.

Kuma dubi yadda aka yi a gidan Annabi. A ruwayar Muslim, Anas ya ce mutanen da suka zo walimar nan sun kai wajen 300, alhali ɗakin kowa ya san ƙanƙantarsa. Sai aka umarce su su zauna goma-goma, kowa ya ci daga gabansa, waɗannan su fita waɗancan su shiga. Tsari kenan, jama'a. Kai ma raba naka: maza su ci nasu bayan ɗaurin aure su watse, dangin uba su zo da hantsi, dangin uwa bayan azahar, ƙawaye da yamma. Gidan da ba zai ɗauki mutum 200 lokaci guda ba zai iya ɗaukarsu kashi huɗu. Wanda kuma ba a gayyace shi ba ya ji tsoron Allah. Wani sahabi ya taɓa dafa abincin mutum biyar ya gayyaci Annabi, wani ya biyo su, da suka isa ƙofa sai da Annabi (S.A.W) ya nema masa izinin mai gida.

Yanzu bari in zo kan abin da ba a son faɗa a wa'azi: banɗaki da ruwa. Gida mai banɗaki ɗaya, mata 100, yini guda. Ku yi lissafin da kanku. Abin da ke biyo baya shi ne najasa a tsakar gida, yara na tsugunawa a bakin kwata, layin alwala ya kai har a kira magariba wasu ba su yi la'asar ba. Idan shaddar gidan ta kusa cika, a kwashe ta kafin biki. A roƙi maƙwabciya ɗaya ko biyu su buɗe nasu banɗakin ga mata, a wanke musu bayan an tashi. A yi magana da 'yan ga-ruwa tun jajibiri, a cika duro da randuna, a ware na alwala daban da na girki, a sayo butoci, don buta biyu ba ta yi wa taro. A keɓe ɗaki ɗaya a shimfiɗa tabarmi, kada a ajiye kayan gara ko kulolin abinci a ciki, a ce wannan na salla ne. Bikin da aka buɗe da huɗuba da fatiha, kunya ce a ce an rufe shi da ramuwar salla uku.

Waɗanda suka fi shiga wannan hali su ne iyayenmu da 'yan'uwanmu mata masu girki. Tun asuba suna bakin murhu, hayaƙi a ido, wannan na tuyar waina, waccan na juya dafa-duka, kowa ya ci ya tafi su ba su karya ba. Maigida, wannan aikinka ne. Ka ce a raba su kashi biyu su riƙa karɓar juna, a fitar da abincinsu tun farko, idan an kira salla kashi ɗaya ya tashi. In kuma haya ka yi, ka yanke lada da su tun kafin a ɗora tukunya, ka biya ranar, kada ka ce sai an ga abin da gudunmawa ta kawo.

Wurin murhun ma a duba shi. A kange shi daga inda yara ke guje-guje, tukunyar mai mai zafi da tukunyar gas kada su kusanci hanyar shiga. Janareta kuma a waje, a sarari. Kada a sa shi a zaure ko a lungun da ke jikin tagar ɗaki don gudun ɓarawo, domin a hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane suna barci, kuma daren biki ɗakuna cike suke da baƙin da suka kwana. Ka lura kada ka kawar da shi daga tagarka ka kai shi tagar maƙwabci.

Lokacin shekara kuwa kowa ya san garinsu. Mai biki a watan Agusta ya san marka, ya tanadi inda mutane za su fake da leda ta rufe itace. Mai yi a Afrilu ya san zafi, ya ninka ruwan sha, kuma kada a dafa shinkafa tun dare a danne a kula sai la'asar, za ta lalace ta kwantar da mutane.

Abincin da ya ragu fa? A nan ma sai an shirya. Annabi (S.A.W) ya kira walimar da ake gayyatar mawadata a bar talakawa mafi sharrin abinci. Mu kuma abin da muke yi, manyan baƙi a shigar da su falo a jera musu kaji, almajirai na bakin ƙofa ana kora su da bulala, sai dare ya yi a juye musu ragowar da aka jagwalgwala. Ka cire rabonsu daga tukunya tun farko, mai kyau, a sa mutum ɗaya ya raba musu a layi cikin mutunci. Gidajen layin da ka san ba su da hali, da gidan da ake takaba, a aika musu a kwano kafin baƙi su fara ci.

Abu ɗaya da bikin gida ke da shi wanda ɗakin taro ba shi da shi: gida ne, akwai masu kwana a cikinsa, akwai ɗakuna da sirrinsu. A rufe ɗakunan da ba na baƙi ba. Ƙofar mata daban in da hali, in babu a sa dattijo a zaure, don samarin da ke shigowa da sunan kawo kujera ko gyaran waya ba sa ƙarewa. Masu ɗaga waya suna ɗaukar matan mutane suna ɗorawa a TikTok, a gaya musu tun a bakin ƙofa cewa gidan nan ba a yi.

Sannan a sa wa taro lokacin tashi, a rubuta a kati, a kuma tsaya a kai. Kada ka ji kunyar wannan. A walimar Nana Zainab ɗin nan, bayan an ci an watse wasu mutane suka zauna suna ta hira a ɗakin, amarya na zaune ta juya fuskarta ga bango, Annabi (S.A.W) ya fita ya dawo suna nan, kunya ta hana shi ce musu su tashi. A kan haka aya ta 53 ta Suratul Ahzab ta sauka, tana koya wa baƙo kada ya zo tun abinci bai nuna ba ya zauna jira, kuma idan ya ci ya kama gabansa. Ubangiji da kanSa Ya yi maganar lokacin zuwa da lokacin tashi a walimar gida. To don me kai za ka bar lasifika na tashi har ƙarfe ɗaya na dare, tsoho na juyi a gado, liman na jiran asuba?

Da na kai nan Alhajin ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan ya fi kama ɗakin taron wuya." Na ce wuya kam akwai, amma ba ta kuɗi ba ce, ta zirga-zirga ce da buga ƙofar mutane, kuma ba za ka kwana da bashi ba. Na ƙara masa da cewa ya ajiye samarin nan biyu har washegari, su bi layi da tsintsiya da buhu, su tsince ledar fiya wata da robobin abinci daga kwata kafin ruwa ya tura su ƙofar wani, a mayar wa kowa tabarmarsa da tukunyarsa a wanke.

Ya ce zai fara da auna layin gobe da safe, kuma akwai wata tsohuwa a gida na biyu da ba ta da lafiya, zai fara shiga wurinta. Allah Ya sanya albarka a auren yarinyar nan, Ya haɗa su a kan alheri, Ya ba mahaifinta ikon sauke nauyin da ya ɗauka.