Shin Ana Koyar da Amanar Ƙasa a Kan Allo?

A yawancin makarantunmu na sakandare akwai darasin aikin gona. Yaro zai haddace bambancin jigawa da laka da fadama, ya zana tsiron masara a littafinsa, ya ci jarrabawa da maki mai kyau. Amma in aka miƙa masa gatari aka kai shi gonar mahaifinsa lokacin sharar gona, da wuya ya san itacen da zai sare da wanda zai bari. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna wata tambaya da ta shafi malamai da marubuta baki ɗaya, wato shin riƙon amanar ƙasar noma ilimi ne da ake zubawa a ka, ko kuwa hali ne da ake renonsa a zuciya?

A shekarar 1978 wasu mutanen Ostareliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka fito da wani tsari da sunansa ke nufin dawwamammen noma. Manufarsu ita ce manomi ya tsara gonarsa yadda daji yake tsara kansa: itace da amfanin gona da dabba da ruwa kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa, ba a zubar da komai. Abin lura shi ne, an gina tsarin a kan ɗabi'u uku, kula da ƙasa, kula da mutane, da kuma ɗaukar daidai buƙata a raba rara. Ke nan tun daga tushe, magana ce ta tarbiyya kafin ta zama ta dabara. To, yaya ake koyar da tarbiyya irin wannan? Amsar da ta fi gamsar da ni tana nan kusa, a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

Bayan farin shekarun 1970, gonakin yankin sun zama fili fetal. Iska kan binne shuka da yashi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, amma akasarinsu suka mutu. A 1983 wani masanin aikin gona mai suna Tony Rinaudo, shi ma ɗan Ostareliya, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan mafiya ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi da wuta. Wannan shi ne aka sani da sassaben zamani.

Dabarar ba ta da wuya, yaro ɗan shekara goma zai iya koyonta da hantsi guda. Duk da haka mutane ba su karɓe ta nan take ba, domin kuwa a ganinsu manomin kirki shi ne mai gona tas, wanda ya bar tsirrai kuma rago ne. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka riƙa ba da abinci ga waɗanda suka yarda su bar itatuwa a gonakinsu. Da tallafin ya ƙare, da yawa suka koma suka sare. Darasi na farko ke nan: halin da aka saya da hatsi, ƙarewar hatsin ita ce ƙarewarsa.

Waɗanda suka bar nasu fa? Su ne suka zama malaman sauran. Maƙwabta suka ga geronsu ya tsira daga iska, matansu sun huta da doguwar tafiyar neman itacen girki, dabbobinsu na samun ganye da rani. Gawo kuwa ya nuna halinsa da kowa ya sani: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'yansa. Gani ya kori ji. Darasi na biyu ke nan.

Akwai na uku, wanda a ganina ya fi su nauyi. Dokar daji da aka gada daga Turawan Faransa ta mayar da itatuwa a hannun hukuma, har manomi kan biya tara a kan itacen da ya tsiro a gonarsa. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne da 'ya'yansa, sannan aikin ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawansu a yankunan Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, amma hannuwan da suka yi aikin na talakawa manoma ne.

Mai karatu na iya cewa, ai mai jin yunwa ba a yi masa wa'azin gobe, kuma matar da ba ta da makamashi dole ta sari abin da ta samu. Wannan gaskiya ce, kuma duk malamin da ya raina ta ya yi asarar bakinsa. Sai dai labarin Maraɗi ya nuna cewa amanar da ta ɗore ita ce wadda mai riƙonta yake cin moriyarta tun yana raye. Rassan da aka datse su ne itacen girkin bana, waɗanda aka bari kuma su ne gadon jikoki.

Idan muka auna makarantunmu da wannan ma'auni, za mu ga inda gizo ke saƙa. A wurare da dama fartanya sandar horo ce: wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake turawa gonar makaranta. In amfani ya nuna kuma, ɗalibin bai san inda aka kai shi ba. Yaron da ya shekara shida a haka, me zai hana shi ɗaukar noma a matsayin wulaƙanci? Mun koya masa da baki cewa noma tushen arziki, mun kuma koya masa da aiki cewa noma hukuncin mai laifi ne, alhali aiki ya fi baki ƙarfi.

Shawarata ita ce a ba kowane ɗalibi 'yan kunyoyi da kututture guda na kalgo ko sabara ko magarya, ya rene shi tun daga aji ɗaya har ya fita, abin da ya noma kuma ya zama nasa. A gayyato tsofaffin manoman gari su shigo su yi bayani, a girmama su yadda ake girmama kowane malami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma marubuta muna da namu kason. Sau nawa manomi ke fitowa a littattafanmu in ba a matsayin baƙauyen da za a yi wa dariya ba? Yaran da muke so su riƙe gonakin iyayensu su ne masu karanta mu. Ya kamata su tarar da mutumin da ya san darajar gawo a cikin labari, da mutuncinsa da hankalinsa, har budurwa ta so shi.

A taƙaice, allo na iya koyar da sunan itace da amfaninsa. Amma tsayar da gatari a bar toho ya girma, wannan sai wanda ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya kuma tabbata yana da rabo a cikin inuwar.