Fuskar Aro: Iyalin Partridge da Haƙƙin Ɗan Wasa

A ranar 25 ga Satumba, 1970, gidan talabijin na ABC a Amurka ya fara nuna wani wasan barkwanci mai suna The Partridge Family. Labari ne na wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, suka kafa ƙungiyar mawaƙa, suka yi wa tsohuwar motar bas ta makaranta fenti kala-kala, suna yawon kiɗa gari-gari. Shekara huɗu aka yi ana nuna shi, kashi 96, kuma kowace rigimar gidan takan mutu cikin rabin sa'a, a binne ta da waƙa. Tambayar da nake so in auna ita ce: idan aka ƙago iyali aka sayar wa jama'a, jama'a kuma suka saya da farin ciki, shin an zalunci wani? In an zalunta, wane ne?

Zargi na farko da yakan zo a rai shi ne yaudarar mai kallo, kuma masu wannan zargi ba su rasa hujja ba. Daga wani iyali na gaskiya aka ɗauko tunanin shirin, wato mawaƙan Cowsill na jihar Rhode Island, amma ba a sa ko ɗaya daga cikinsu ba. Cikin mutum shida da ake nunawa riƙe da kayan kiɗa, biyu ne kawai muryarsu ke cikin faifan: Shirley Jones da ta fito a uwa, da David Cassidy da ya fito a babban ɗa Keith. Sauran motsa baki suke yi. Ƙwararrun makaɗan situdiyo na Los Angeles, irin su mai ganga Hal Blaine, su ne suka yi kiɗan. Bayan zangon farko ma an canza yaron da ke fitowa a mai ganga, aka maye mai baƙin gashi da mai farin gashi, ba a ce wa kowa uffan ba. Duk da haka waƙarsu "I Think I Love You" ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a watan Nuwamba na 1970.

Ni dai ban ga wannan zargi yana da nauyin da ake ba shi ba. Ƙarya tana buƙatar wanda bai san wasa ake yi ba. Mai tatsuniya kan rufe da cewa ba don gizo ba da ta yi ƙarya, domin tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" an ƙulla yarjejeniya tsakaninta da masu sauraro. Haka mai kallon fim ɗin Hausa ya san jarumin da ke rausaya ba lallai ne shi ya rera waƙar ba, bai kuma taɓa jin an cuce shi ba. Bugu da ƙari, abin da mai kallon Amurka ya samu na gaske ne. A shekarar 1970 yaƙin Biyetnam ya raba iyaye da 'ya'yansu, kuma a watan Mayu dakarun jihar Ohio suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State. A irin wannan lokaci, ganin uwa da matasan 'ya'yanta suna saɓani da safe su yi waƙa tare da dare wata 'yar inuwa ce, kuma inuwa ba ta daina zama inuwa don rumfar ta kara ce.

Inda na ga zaluncin yake shi ne a bayan fuskar. Mai tatsuniya idan ta ce ƙurunƙus, takan tashi ta koma ita kanta. David Cassidy bai samu wannan dama ba. Yana ɗan shekara 20 aka ɗora masa rigar yaro ɗan makarantar sakandare, aka buga hotonsa a mujallu da akwatunan abincin yara da katunan cingam. Ranakun aiki yana gaban kyamara, ƙarshen mako yana filayen wasa gaban dubban 'yan mata da ba su rarrabe Keith da David. A 1972 ya yarda Annie Leibovitz ta ɗauke shi hoto ba sutura don mujallar Rolling Stone, da nufin yaga surar yaron kirkin da aka liƙa masa. A watan Mayu na 1974, a filin wasa na White City da ke Landan, turmutsitsi ya raunata ɗaruruwan masu kallo, wata yarinya 'yar shekara 14 ta rasu bayan 'yan kwanaki. Daga wannan rangadi ya jingine yawon waƙa na tsawon shekaru. A 2011 ya kai kamfanin Sony ƙara a kan ribar kayan da aka sayar da fuskarsa, abin da aka yanke masa kuwa bai kama ƙafar miliyoyin da ya nema ba.

Lamarin Danny Bonaduce ya fi wannan ɗaci. Yana ɗan shekara 11 ya fara fitowa a ƙanen nan mai wayo da bakin magana. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa mahaifinsa na dukansa a gida. Dave Madden, wanda a cikin shirin ya fito a manajan ƙungiyar da kullum suke cacar baki da yaron, shi ne yakan tafi da shi gidansa ya kwana. Yaron da ake biya ya nuna wa duniya daɗin iyali, a gidan abokin aiki yake neman mafaka.

Wani zai ce ai ba tilasta su aka yi ba: an biya su, sun yi suna, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai gaskiya a nan, domin Cassidy ya ci moriyar shaharar nan har ƙarshen rayuwarsa. Amma yarda tana da daraja ne gwargwadon sanin mai yin ta. Ɗan shekara 11 ba shi ne yake sa hannu a kwantiragi ba, ɗan shekara 20 kuma da ya karɓi aikin wasan kwaikwayo bai san sunansa da fuskarsa za su zama haja a kanti ba. Masanin falsafa Immanuel Kant ya kafa ƙa'ida a 1785 cewa ba a mayar da ɗan Adam kayan aiki zalla don biyan buƙatar wani. Aiki da mutum halal ne, kowane ɗan wasa ana aiki da shi. Iyakar ita ce a bar masa wani ɓangare na kansa da ba na sayarwa ba. Saboda haka ma'aunin da na ɗauka ga kowane ƙagaggen abu shi ne: wanda ya sa fuskar, zai iya cire ta idan an tashi daga wasa?

Wannan ma'auni ya hau kanmu masu kallo. Kamfani ba ya buga hoton da babu mai saye. Mu ne muke son jarumi ya dawwama a shekarun da muka fara ganinsa, mu ji haushi idan ya girma ko ya gaza. Yau kuma, da iyaye ke ɗora rayuwar ƙananan 'ya'yansu a YouTube da TikTok don neman kuɗi, babu ma darakta da zai ce an tashi, domin gidan shi ne dandalin.

David Cassidy ya rasu a watan Nuwamba na 2017 yana da shekara 67, bayan ya yi fama da shan giya da ciwon hanta. Shekara 43 ke nan da rufe shirin, amma labaran rasuwarsa da sunan iyalin Partridge suka fara.