Gidan da Bangaskiya Ta Yi Saiwa

Ya ku 'yan'uwa cikin Ubangiji, sau da yawa muna jin iyaye suna kuka, suna cewa yaransu ba su kula da al'amarin Allah. Mukan ɗora laifin a kan makaranta, ko a kan zamani. Amma bari mu tambayi kanmu tukuna: me yaron yake gani a gidanmu daga asuba har dare? Gama abin da ido ya gani ya fi zama a zuciya bisa ga abin da kunne ya ji.

Bari mu duba wani gida na Katolika a ƙasar Faransa, a garin Alençon. Sunan maigidan Louis Martin, mai sana'ar agogo ne. Sunan matarsa Zélie, ita kuwa leshi take saƙawa. An ɗaura musu aure a shekara ta 1858. Kafin wannan kowannensu ya nemi shiga gidan masu keɓe kai domin aikin Allah, amma ba a karɓe su ba. Ashe Allah ya shirya su bauta masa cikin aure.

Kowace safiya tun da duhu sukan tafi sujadar Misa, kāna su koma bakin aiki. Ran Lahadi Louis yakan rufe kantinsa, ko da shi ke ranar ce mutanen ƙauye suke shigowa gari da kuɗi a hannu. Yaran sun ga ubansu ya bar riba domin Ubangiji. Wace huɗuba ce ta fi wannan? A shekara ta 1870 kuma ya sayar da kantin nan domin ya taimaki matarsa a sana'arta. Bai ce wannan ƙasƙanci ne ga namiji ba.

Kada mu yi tsammani gidan nan bai san hawaye ba. Allah ya ba su 'ya'ya 9, amma tsakanin 1867 da 1870 suka binne 4 daga cikinsu. Duk da haka ba su daina addu'a ba, ba su kuwa ɗora wa juna laifi ba.

Akwai kuma wata 'yarsu, Léonie, mai taurin kai da wuyar koyo, har aka komo da ita daga makaranta. Uwarta ta sha damuwa a kanta, amma ba ta fid da zuciya ba. Daga baya aka gane wata mai aikin gidan ce take tsorata yarinyar tana cutarta a ɓoye. Sa'an da uwar ta ji, ta jawo 'yarta kusa da ita. Léonie ɗin nan ta yi ta ƙoƙari tana kāsawa, har a shekara ta 1899 ta zama Sista a garin Caen, ta tsaya da aminci har mutuwarta. Ya ku iyaye, yaron da ya fi ba ku wahala, kun zauna kun binciki dalili? Ko kuwa sai bulala kaɗai?

Zélie ta rasu da ciwon daji a 1877, autarta Tereza tana da shekara 4. Louis ya ƙaura da yaran zuwa Lisieux, ya goye su da ƙauna da addu'ar yamma. Duka 'yan matan 5 suka ba da ransu ga aikin Allah, autar kuwa ita ce Tereza Mai Tsarki wadda duniya ta sani. A shekara ta 2015 Paparoma Francis ya sa Louis da Zélie cikin jerin tsarkaka, miji da mata tare a rana ɗaya.

Ba a ce dukan yaranmu su zama Fada ko Sista ba. Abin da ake nema gare mu shi ne gidanmu ya zama ƙaramar ekklisiya. Maigida, ka tara iyalinka yau da dare, ku yi addu'a tare ko da kaɗan ne. Uwargida, kada rana ta fāɗi kuna gāba da mijinki a gaban yara. In mun yi wa juna laifi, mu nemi gafara a fili, domin yara su koya daga gare mu.

Ubangiji ya ba mu alherin yin haka. Amin.