Wa'adin alƙali da wa'adin mutanen gari

 

A garuruwan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ƙwayar tramol ta shiga hannun samari ta ƙofar aiki: ɗan kabu-kabu da mai kwadagon noma suna sha don kada jiki ya ji gajiya. Dokar Nijar ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1999, ta tanadi ɗauri da tara, kuma ta fi tsananta wa mai fatauci a kan mai sha. Wannan bambanci daidai ne. Wanda ya sha ya zalunci kansa da iyalinsa, wanda ya sayar kuwa ya ci riba da hankalin 'ya'yan mutane, alhali tsare hankali yana cikin manyan manufofin shari'a.

Tambayar da ke gaban 'yan'uwa tana farawa ne ranar da aka buɗe wa mutum ƙofar kaso. Alƙali ya yanke masa wa'adi, ya cika shi. Sai ya iske gari ya yanke masa wani da babu ranar ƙarewarsa: ba a ba shi aure, ba a ba shi ajiya, in ya zauna a da'irar wazifa na kusa da shi ya janye gwiwa. Wa ya ba gari wannan iko?

Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha yi wa bulala saboda giya. Da wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An zartar da hukunci, ba a cire shi daga jama'a ba. Muridin da ke neman gafara safe da yamma a lazimi ya fi kowa cancantar fahimtar wannan, domin shi ma mai laifi ne da aka suturta.

Karɓa ba sakaci ba ce. Tsohon dila ba a damƙa masa asusun zawiya daga dawowarsa, kuma tubarsa ba ta cika sai ya nemi waɗanda ya lalata wa 'ya'ya. Amma wurinsa a sahu nasa ne. Abin da ya rage wa muƙaddami shi ne ya samo masa wanda zai ɗauke shi aiki kafin tsofaffin abokansa su riga zuwa.